Farfaɗowa ko tayarwa? Kalmomin Turanci na dawo da rai

Tambaya: Malam, ina aikin fassara a wani gidan rediyo. Kwanaki na rubuta labari da Turanci cewa likitoci sun *resurrected* wani yaro da ya faɗa rijiya, edita ya soke kalmar ya sa *resuscitated*, bai ce mini komai ba. Na duba ƙamus na ga *revive*, *resuscitate*, *resurrect*, *reanimate* da *revitalize* duk kusan fassara ɗaya aka ba su. Mene ne bambancinsu, kuma yaushe ake amfani da kowace?

Amsa: Malama, editanki ya yi daidai. Laifinsa ɗaya, da ya soke bai kira ki ya faɗa miki dalili ba, shi ya sa har yanzu abin yake cin ranki. Na daɗe ina koyar da Turanci da fassara, kuma wannan kuskuren ba a kanki aka fara shi ba, kusan kowace shekara sai na tsince shi a takardar wani ɗalibi. Ƙamus ne yake jawo shi, don ƙananan ƙamusun da ke hannunmu sukan tara kalmomin nan gaba ɗaya su ɗora musu "farfaɗo" ko "raya", su wuce abinsu.

Ajiye Turancin tukuna ki saurari bakinki. Kin taɓa jin Bahaushe ya ce likita ya tayar da mamaci? Ba a faɗa. Wanda ya suma shi ake farfaɗo da shi. Wanda ya mutu kuwa sai dai Ubangiji ya tashe shi. Ko mutumin da aka fara haɗa ruwan wankansa aka ga ya motsa yatsa, cewa ake yi "ashe doguwar suma ya yi". Wannan iyakar da ke tsakanin suma da mutuwa ita dai Bature ma yake bi. In za ki zaɓi kalma, fara da tambayar kanki: abin nan ya mutu murus ne, ko da sauran numfashi? Sannan wa ya dawo da shi, kuma da me?

*Revive* ita ce uwar ɗakinsu, kuma ita ce ta fi kusa da farfaɗowarmu. Daga Latin ta fito ta biyo ta Faransanci: ɗafa-goshin *re*, wato "sake", da *vivere*, "rayuwa". Tushen nan ne ya haifi *survive* da *vivid*. Ki tuna taron safe a makarantar 'yan mata cikin bazara, an jera ɗalibai a rana shugabar makaranta tana ta jawabi, sai ki ji tim, wata ta zube. A kinkime ta zuwa inuwar darbejiya, a sassauta mata hijabi, wannan ta yayyafa mata ruwa, waccan ta kama yi mata fifita da littafi, can sai ta buɗe ido tana tambaya me ya faru. Wannan shi ne *revive* tsantsa. Wani alherinta kuma, tana aiki ta fuska biyu, so-karɓau da ƙi-karɓau: *they revived her*, sun farfaɗo da ita, *she revived*, ta farfaɗo. Shukar da ta yi yaushi aka ba ta ruwa ta miƙe, kasuwar da ta yi sanyi ta dawo, al'adar da aka bari aka waiwaye ta, duk tana ɗauka. Bikin kamun kifi na Argungu da aka yi kusan shekara goma ba a yi ba sannan aka dawo da shi a 2020, *revived* za ki ce. In kin rasa wadda za ki kama, kama wannan, da wuya ta kunyata ki.

Sai dai a maganar yau da kullum Baturen Ingila ba kasafai yake cewa *revive* ga wanda ya suma ba. Yakan ce *she came round* ko *she came to*, ta dawo hayyacinta. Wanda ya yi aikin kuma *he brought her round*. Ɗalibaina sukan tsaya a *came to* suna jiran sauran jimlar, suna tambaya ta zo ina? Babu sauran, nan ta ƙare. Wanda kuma ya yi jinya rai kwakwai mutu kwakwai sannan ya tashi, shi *he pulled through* ake ce masa.

Yanzu ga wadda editanki ya zaɓa. *Resuscitate* kalmar asibiti ce. Tushenta *suscitare*, wato zaburar da abu ko tayar da shi daga kwance. Ana amfani da ita ne idan numfashi ya ɗauke ko zuciya ta tsaya, sannan wani ya sa hannu ya yi aiki: ya danna ƙirji, ya hura iska a baki, ko ya ɗora na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Ruwan sanyi da mafici ba su kai a kira su haka ba. Ita ce harafin ƙarshe na CPR, *cardiopulmonary resuscitation*, aikin nan na danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura iska sau 2, ana dannawa da saurin 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Kusan kullum so-karɓau ce, wani ne yake yi wa wani. Ba a cewa *he resuscitated* a yi shiru, sai dai *he was resuscitated*.

Masu kallon ƙwallo sun ga ma'anarta da idonsu. Ranar 12 ga Yuni 2021, ana wasan Denmark da Finland a Kofanhegan, Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya, 'yan wasa suka yi masa katanga da jikinsu likitoci suna danna ƙirjinsa har aka sa masa na'ura. Kafin shi akwai Fabrice Muamba na Bolton, a Maris 2012 a filin Tottenham, wanda zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta buga da kanta ba, kuma ya rayu. Duk da haka bai dace a ce an *resurrected* ɗinsa ba, ko da yake minti 78 ya isa mutum ya ce ai wannan ya leƙa lahira. *Resuscitated* aka ce, domin likitoci ba su taɓa ɗaga hannu sun ce ya rasu ba.

Kalmar tana da tarihi mai ban dariya da ban tausayi. A 1767 aka kafa wata ƙungiya a Amstadam don ceto waɗanda ruwa ya ci, sannan a 1774 likitoci biyu, William Hawes da Thomas Cogan, suka kafa irinta a Landan. Sunan da suka fara ba ta shi ne ƙungiyar ceto mutanen da ake ganin kamar ruwa ya kashe su, *apparently drowned*. Ki lura da *apparently* ɗin nan, ita ce doguwar sumarmu: ga alama ya mutu, amma a jarraba tukuna. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan *Royal Humane Society*. Cikin kayan aikin da suka ajiye a bakin kogin Thames har da zugazugi na hura wa wanda aka tsamo hayaƙin taba ta dubura, wai ɗumin hayaƙin zai zaburar da jiki. An yi shekaru ana haka kafin a gane ba ya da amfani. Danna ƙirji irin na yau bai kankama ba sai 1960, lokacin da masu bincike uku a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa ana iya tura jini ya zagaya jiki ba tare da an tsaga ƙirji ba, aka haɗa da hura iska baki da baki da Peter Safar da James Elam suka tabbatar da amfaninsa 'yan shekaru kafin nan. Mutanen Ingila suna yi wa hura iskar laƙabi da *the kiss of life*. Za ki kuma ci karo da DNR a labaran asibitocin Turai da Amurka, *do not resuscitate*, umarnin da majinyaci ko iyalinsa suke amincewa da shi cewa in zuciya ta tsaya kada a yi yunƙurin dawo da ita. Wajen fassara shi a kula, ba yana nufin a daina ba shi magani ba ne.

A nan ina da ƙorafi a kan jaridunmu na Najeriya. Sun ɗauki *resuscitate* sun mai da ita jakar magori. Kowane sabon minista sai ya yi alkawarin zai *resuscitate* masaƙun Kaduna, ko matatar mai, ko kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, kuma kusan kullum da ƙawarta *moribund* a gefe. Ba kuskure ba ne a nahawu, Bature ma yakan yi wannan aron jefi-jefi. Amma yawansa a wurinmu ya wuce kima, har ɗalibi yakan ɗauka ita ce kalmar da ta fi nuna an yi boko. In kin tashi fassarawa, "farfaɗo da masana'antun da suka durƙushe" ya wadatar. In kuma ke ce mai rubuta Turancin, *revive* ta fi sauƙi a kunne, balle a rediyo inda mai karanta labarai zai iya yin tuntuɓe a kan *resuscitate*. Harafin *c* da ke bayan *s* na biyu ba a furta shi dabam, "risasiteit" ake cewa, kuma shi ne harafin da aka fi mantawa wajen rubutu.

To, *resurrect* fa? Wannan ta wanda ya mutu ce, mutuwa ta gaske, har an binne. Asalinta kalmar addini ce. Sunan *resurrection* ya shigo Turanci tun wajen 1300 ta hanyar coci, daga *resurgere*, sake tashi, kuma shi ne abin da Kiristoci Hausawa suke kira tashi daga matattu. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci kuma da shi suke fassara Yaumul Ƙiyama, *the Day of Resurrection*. Aikatau ɗin *resurrect* daga baya aka yanko shi daga jikin sunan, sai ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa a tsofaffin littattafan addini ba za ki gan shi ba, *rise* da *raise* za ki gani: *he rose from the dead*. Kin ga ke nan da kika rubuta likitoci sun *resurrected* yaron, abin da mai karatu zai fahimta shi ne yaro ya rasu, likitoci kuma sun yi abin da ba na ɗan'adam ba. Wani zai yi dariya, wani kuma zai ce gidan rediyon ya yi saɓo.

Inda take aiki lafiya lau shi ne wajen aro. Dokar da aka yi watsi da ita shekara talatin aka tono ta, shari'ar da aka rufe aka sake buɗewa, ɗan siyasar da kowa ya gama yi wa jana'iza ya dawo ya ci zaɓe, *he resurrected his career*. Sau da yawa tana ɗauke da ɗan warin kabari, wato mai magana yana nuna da an bar abin a inda yake da ya fi. *Why resurrect that old quarrel?* Mu cewa za mu yi, me ya kawo tonon tsohon zance, ko don me za a fama tsohon miki.

Warin kabarin nan ba banza ba. A Biritaniya ta ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, makarantun koyon aikin likita suna buƙatar gawa don ɗalibai su feɗe su ga yadda jiki yake, doka kuwa gawar masu kisan kai da aka rataye kawai ta ba su, ba ta isa ba. Sai wasu suka mai da tonon kabari sana'a, su bi dare su haƙo sabuwar gawa su sayar. Sunan da aka laƙaba musu, cikin baƙar barkwanci irin ta Ingilishi, shi ne *resurrection men*, masu tayar da matattu. A Sukotlan har kejin ƙarfe ake ɗorawa a kan kabari saboda su. Abin ya kai maƙura a Edinbara a 1828, inda wasu mutum biyu, Burke da Hare, ba su ma tsaya tono ba, suka riƙa kashe mutane da hannunsu, har mutum 16, suna kai wa wani malamin likitanci. Dokar da majalisa ta yi a 1832 ta buɗe wa makarantu hanyar samun gawa ta halal, ita ta kashe sana'ar.

*Reanimate* kuwa ki yi nesa da ita in mutum mai rai kike magana a kai. *Anima* shi ne rai ko kurwa a Latin, amma a Turancin yau kalmar ta fi zama a bakin masu finafinan ban tsoro: gawa ta miƙe tana tafiya alhali mai ita ba ya ciki. Wannan ma da tarihinsa. Luigi Galvani na Italiya ya gano cewa lantarki yana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta yi zillo, sai ɗan 'yar'uwarsa Giovanni Aldini ya kai gwajin kan mutum. A Janairu 1803 a Landan ya jona wa gawar wani da aka rataye, George Forster, wayoyin batir a gaban jama'a, muƙamuƙi ya kama rawa, ido ɗaya ya buɗe. Motsi ne babu rai, kuma ma'anar da ta manne wa kalmar ke nan.

Ga tarko ga duk mai aiki da takardun Nijar, Kamaru ko Chadi. A Faransanci *réanimation* kalmar asibiti ce ta yau da kullum, ita ce sunan sashen da ake kwantar da waɗanda ke cikin mawuyacin hali, wanda a Najeriya ake kira ICU. Na taɓa duba aikin wani matashi da ya juya rahoto daga Faransanci zuwa Turanci, ya rubuta cewa an kai waɗanda suka yi hatsarin mota *reanimation ward*. Na ce masa, ɗana, ka kai bayin Allah ɗakin fatalwa. *Intensive care* ya kamata ya ce, a Hausa kuma sashen kulawa ta musamman.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani, don su ba ruwansu da suma ko mutuwa. *Revitalize* ƙara wa abin da ya yi lakwas kuzari ne, kamar unguwa, jam'iyya ko harkar noma, ba a yi wa mutumin da ya faɗi. *Rejuvenate* daga *juvenis* take, matashi, wato mai da tsohuwa yarinya, shi ya sa masu tallan man shafawa suke ƙaunarta. *Restore* mayar da abu yadda yake a da ne, gini ko wutar lantarki ko sarauta. Turawan Ingila suna kiran 1660 da *the Restoration* saboda a shekarar aka mayar da Charles na Biyu kan gadon da aka raba mahaifinsa da shi aka fille masa kai a 1649. Kalmar *restaurant* ma 'yar gidan ce, asalinta a Faransa sunan romo ne da ake sha don ƙarfi ya dawo. *Renaissance* kuma sake haihuwa ce, ta zamani guda ko al'umma, ba ta mutum ɗaya ba.

Akwai fage biyu da *revival* ta zama kalmar ilimi, ya kamata mai fassara ya san su. Na farko addini. Abin da malamanmu suke kira tajdidi ko ihya'u, Turawan da suka yi rubutu a kai *revival* ko *renewal* suke cewa, shi ya sa Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali ya zama *The Revival of the Religious Sciences* a Turanci. A coci kuma *revival* taron wa'azi ne na kwanaki don zaburar da masu bi, irin wanda kike ganin tallansa a allunan bakin titi. Na biyu harshe. Masana sukan ce *language revival* idan harshen ya rasa masu jin sa tun daga nono sannan aka dawo da shi, kamar Ibrananci, wanda ya yi ƙarnoni a littafi da wurin ibada kawai kafin Eliezer Ben-Yehuda ya isa Ƙudus a 1881 ya dage sai da shi za a yi magana a gidansa. Idan kuwa da sauran tsofaffi masu jin harshen, yara ne suka guje shi, sai su ce *revitalization*, kamar yadda Maori na New Zealand suka fara a 1982 da gidajen reno inda kakanni suke yi wa jikoki magana da harshen zalla. Kin ga tambayar nan tamu ta farko ta sake dawowa, da sauran numfashi ko babu.

Ba zan rufe ba sai na nuna miki wata da nake so, ko da yake ba za ta shiga labaranki ba. Kalmomin nan biyar da kika tambaya duk baƙi ne a Turanci, daga Latin da Faransanci suka zo. Ta gida ita ce *quicken*. A tsohon Turanci *quick* ba sauri take nufi ba, "mai rai" take nufi, saurin daga baya ya biyo, tunda mai rai shi ke motsi. Ragowar tsohuwar ma'anar tana nan a *the quick and the dead*, rayayyu da matattu, da *quicksilver*, zaiba, azurfar da ke gudu kamar mai rai. Ungozomomi a Ingila har yau *quickening* suke kiran motsin farko da mai ciki take ji a wajen wata na huɗu zuwa na biyar.

Mu koma kan yaron rijiya. Abin da za ki rubuta ya danganta da abin da ya faru a bakin rijiyar da kuma asibiti. In an fito da shi ba ya numfashi aka danna ƙirjinsa aka hura masa iska, *doctors resuscitated the boy*, a Hausa likitoci sun yi nasarar dawo da numfashinsa. In a sume kawai aka fito da shi yana numfashi, aka kwantar da shi har ya buɗe ido, *the boy was revived* ko *he regained consciousness in hospital*, ya farfaɗo a asibiti. Idan rahoton da wakilinku ya aiko bai fayyace ba, ɗaga waya ki tambaye shi ko an danna ƙirjin yaron kafin ki miƙa wa edita.